Daɓen Hajjo

"Ba zan aurar da ita a gidan aro ba," in ji Hajjo.

Tana zaune bisa wani kututture a bakin hanya ta faɗi haka, tana haki, ko nisa ba mu yi da gidan Maitama ba. Ni kuwa ina tsaye a kanta rana na dukana, raina ya gama ɓaci. Tun hantsi muke yawo cikin gari muna neman inda za a zaunar da baƙin bukin jikanyarta Rabi'atu, kuma gidan Maitama ne wuri na ƙarshe da ya rage mana.

"Inna, mutumin nan fa bai hana ba," na ce. "Cewa ya yi ga tsakar gida, ga zaure, ga tabarmi, har itace ya ce a ɗiba. Mi kike so kuma?"

"Kin ji abin da ya ce da za mu fito?"

Na ji mana. Maitama shi ne babban manomin auduga a garinmu, kuma mutum ne mai sakin hannu. Ya rako mu har zaure yana cewa, "Ai ku baƙinmu ne, Hajjo. In ba mu rufa muku asiri ba, wa zai rufa?" Da zuciya ɗaya ya faɗa, na rantse. Amma kalmar nan ta baƙi ta tsaya wa tsohuwa a wuya.

Hajjo ta shigo garinmu ne shekarar da mahara daga Maraɗi suka ƙone ƙauyensu, can bayan Malumfashi. Ta zo da ɗanta Sanda, da jaririyarsa goye a bayanta, uwar jaririyar kuwa ba a ƙara jin labarinta ba. Mai unguwa ya yanka musu wuri a gindin ganuwa, jikin dangarmu. Sanda ya yi wa uwarsa ɗaki ɗaya, ya ce in an yi kaka zai gina sauran. Zazzaɓi ya ɗauke shi dawa ba ta ko fitar da kai ba. Jaririyar nan ita ce Rabi'atu, ta girma har za a yi mata aure, amma har yau in ana kwatance sai a ce gidan baƙin nan na gindin ganuwa.

Angon, Mudi, daga wajen Dandume yake. A kasuwarmu ya gan ta tana sayar da zare, ita ma ta gan shi, ba wanda ya tura wani. Sai dai danginsa suna da yawa kamar fara, kuma duk sun ce za su zo. Tsakar gidan Hajjo kuwa in aka shimfiɗa tabarma biyu, sai kaza ta nemi hanya.

Ba inda ba mu duba ba. Dandali mahauta sun cinye rabinsa, ga jini ga ƙudaje. Ƙofar gidan Liman akwai inuwa mai kyau, amma ya ce ban da kiɗa, to wane buki ke nan? Masussuka tana da faɗi, sai dai tana wajen gari, ƙofar gari kuwa kafin magariba ake rufe ta saboda mahara, ba mai hankalin da zai bar baƙinsa a waje.

"To a sama za ki yi bukin?" na tambaye ta.

"Zauna, mai daddawa, ki bar yi mini inuwa da wari." Haka take kirana saboda sana'ata, ba ta cika faɗin Tasalla ba sai magana ta yi nauyi. Na zauna. Ta ɗaga zanenta ta nuna mini ƙafafunta, sun kumbura har fata na ƙyalli. "Ni kwanana ya ƙare, Tasalla. Kin sani, na sani. Gwaggon yaron nan da ta zo tambayar aure, kin ga yadda take auna gidana da ido? In aka yi buki gidan Maitama, za su koma su ce sun auro yarinyar da ba ta da gidan uba. Ran da aka ɓata mata rai, za a ce mata ina za ki? Ni kuwa lokacin ina ƙasa, ba ni da bakin amsawa. So nake su zauna a ƙasar ubanta, su ci, su sha, su gani da idonsu."

"Wace ƙasar?"

Ta dafa kafaɗata muka lallaɓa gida, ta ja ni bayan ɗakinta ta tsaya.

Wurin da Sanda ya yi niyyar ginawa ne, tun daga bayan ɗakin har jikin ganuwa. Faɗi kam akwai. Amma tun da ya rasu wurin ya zama jujin unguwa. Toka, kashin awaki, fasassun tukwane, ƙaiƙayi, duk nan ake zubarwa, har ya yi tudun da ya fi ni tsawo, tumfafiya ta fito a kansa ta yi girma.

Na yi dariya har da riƙe ciki, ba don abin ya ba ni dariya ba, don haushi. "Inna, ciwon nan ya hau kai. Juma'a ta sama ne fa ɗaurin aure. Ko mazan garin nan duka aka gayyato, wa zai bar sussuka ya zo kwasar shara?"

"Wa ya ce miki shara ce?" ta ce. "Je ki gaya wa maigidanki ya faɗa a masallaci. Hajjo ta ba da takin bayan ɗakinta kyauta. Amma jakin da zai fita da taki, sai ya shigo da marmara."

Sai a nan na gane dabararta. An gama yankan dawa, lokacin da kowane manomi ke neman abin da zai kai gona ke nan, har faɗa ake yi a kan kashin shanun Fulani. Shekara da shekaru muna wuce jujin nan muna toshe hanci, ba wanda ya tuna cewa mai shi tana nan da ranta.

Washegari ban gama wanke kalwata ba na ji kukan jakuna. Na leƙa ta danga, sai ga na Maitama a kan gaba, mangalolinsu cike da jar marmara daga ramin bayan gari. Shi da kansa ya biyo su. Ya gaishe da Hajjo, ya dubi tudun, ya girgiza kai yana murmushi.

"Hajjo, na ba ki gida kin ƙi, yanzu ga shi ni nake zuwa roƙo gidanki."

"Ɗebi, Malam Maitama. Ai ku baƙinmu ne."

Ya yi dariya har rawaninsa na kwancewa, bai ji haushi ba ko kaɗan. Da mutane suka ga jakunansa sun fara, sai kowa ya ji tsoron kada a cinye ba da shi ba. Masu jaki suka zo da jaki, marasa jaki suka zo da kwando. Maigidana, wanda ko tsinke ba ya ɗagawa a gida, na gan shi da galma yana gumi yana yi wa ƙaninsa tsawa. Kafin a kwana uku tudu ya tafi gonaki, wani tudun ja ya tsaya a gefe.

Ni a ganina an gama. Na ce a baje marmara a fara. Hajjo ta sa aka ɗauko ta a tabarma, don a lokacin tafiya ta fara gagararta, ta damƙi ƙasar wurin ta murza.

"Da saura. A ci gaba da haƙa sai an ga jar ƙasa."

"Inna, kwana fa na tafiya."

"Ƙasar toka ba ta riƙe daɓe. Kina so gwaggon ango ta nutse har gwiwa?"

A raina na ce da ma ta nutse har wuya. Aka ci gaba da haƙa.

A nan ya kamata in faɗi ko wace ce Hajjo a garinmu. Ba a kai amarya ɗaki sai mata sun taru sun daɓe mata ƙasan ɗakin, suna duka da madaɓi suna waƙa har ya yi santsi. Tun zuwanta, ba ɗakin amaryar da aka daɓe ba da ita ba. Ita ke ba da waƙa, ita ke cewa a ƙara ruwa ko a dakata. Ɗakina ma ita ta daɓe, kuma ga 'ya'yana sun yi rarrafe a kansa sun tashi, ko tsagewa bai yi ba. Amma daɓen ɗaki daban, daɓen fili guda daban. Ba a taɓa yi ba a garinmu, kuma na faɗa mata haka.

"To za a fara," ta ce.

Ni aka aika gayya. Na bi gida gida, kuma da yake bakina ba ya da linzami, duk wadda ta fara kawo mini uzurin surfe sai in tambaye ta wa ya daɓe ɗakin da take kwana. Ban sani ba ko kunya ce ko ƙauna, amma ranar da aka sa, tun rana ba ta yi zafi ba mata suka fara shigowa, kowace da madaɓinta a kafaɗa. Tsofaffi, masu goyo, amaren bana. Har matan kulle mazansu suka bari, da sharaɗin kada namiji ya leƙo. Sai da filin ya cika, waɗansu na jiran waɗansu su gaji.

Aka baje marmara, aka yayyafa ruwa, muka durƙusa layi layi. Kowa na kallon rumfar da aka kafa wa Hajjo. Ta buɗe baki za ta ba da waƙa, tari ya sarƙe ta. Ta sake gwadawa, muryar ba ta kai ko bakin rumfa ba. Rabi'atu ce ta tashi daga inda take dama kunu, ta zo ta durƙusa, ta kai kunnenta bakin kakarta.

"Faɗa mini, Tsohuwa, ni in ɗaga. Da ma muryar taki ta daɗe da tsufa."

"Ji mara kunya. Amarya ba ta waƙa a daɓenta."

"Ba ɗakina ba ne, gidan ubana ne."

Hajjo ta dube ta ta daɗe, sannan ta raɗa mata. Yarinyar ta ɗaga, muka amsa, madaɓai suka sauka gaba ɗaya. An ce har masu jiran ƙofar gari sun miƙe tsaye, sun zaci ganguna ne.

Muna tsakiyar aiki, hannuwa sun fara yin kanta, Hajjo ta ɗaga sandarta. Idonta a rufe yake, da kunne take bin mu.

"Can kusurwar ganuwa. Wa ke dukan wurin?"

"Ni ce," na ce.

"Akwai rami a ƙasa. A tone."

Nan fa na tashi. Na ce wurin da na fi kowa wahala a kansa shi za a tone? Na ce ko ita ce ta haifi marmara. Na faɗi maganganu da dama, mata na ta dariya, ita kuwa ko ido ba ta buɗe ba. Aka tone, sai ga tsohon gidan gara, rami har zuwa cinya. Na cika shi da duwatsu da hannuna ina ƙunƙuni, kuma har aka tashi ba ta ce mini kin gani ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Makuba kuwa tawa ce. Mai daddawa ba ta rasa ɓawon ɗorawa, na jiƙa duk abin da na tara a manyan tukwane har ruwan ya yi baƙi. Shi aka yi ta yayyafawa ana sake duka, yau da gobe, ana rufe wurin da karan dawa kada rana ta fasa shi. Ranar da aka sa amarya a lalle aka kwashe karan. Na tsaya a bakin filin na kasa magana. Ja ne mai duhu, sumul, yana ɗaukar ido kamar bayan sabuwar tukunya. Na taka da ƙafa, sanyi ya ratsa ni.

Hajjo ba ta gani ba a ranar, don tun daren jiya ba ta iya tashi zaune. Kunu ma sai a cokali. Na shiga na ce mata, "Inna, ya yi." Ta ce, "Na sani, na ji yadda kika yi shiru."

Ranar Juma'a mutanen Dandume suka iso da hantsi, a kan jakuna da ƙafa, kuma ba a yi ƙarya ba, suna da yawa. Bayan an sauko daga masallaci aka ɗaura aure a ƙofar Liman, sannan aka nufo da su gindin ganuwa. Maigidana ya cire dangar da ke tsakanin ɗakin Hajjo da filin, muka ɗauko ta muka jingina ta da bango, muka tokare ta da matasai. Na ɗaura mata sabon kallabi, ta ce na karkata shi, na gyara.

Gwaggon ango, Sabuwa, ita ce a gaban mata. Doguwa ce, mai kallon mutum daga sama zuwa ƙasa. Ta zagayo bayan ɗakin tana tattare zane, don ta san jujin da ta gani a wurin a zuwanta na farko. Sai ta yi turus. Ta dubi filin tun daga nan har ganuwa, da rumfunan zana, da tabarmi, da akussan tuwo a jere. Ta sunkuya ta shafa ƙasan da tafin hannu. Sannan ta cire takalmanta ta riƙe, matan da ke bayanta duk suka cire nasu.

"Wanga wuri na wane ne?" ta tambaye ni.

Na daɗe ina jiran tambayar nan, har na shirya amsa mai tsawo mai yaji. Amma da lokacin ya zo, magana ɗaya kawai na faɗa.

"Gidan Sanda ne," na ce, "uban amarya."

Na faɗa da ƙarfi don a ji a jikin bango. Hajjo ba ta taɓa kiran sunan ɗan nan nata ba, ɗan fari ne, ko bayan ransa sai dai ta ce uban yarinyar nan. Na waiga na gan ta tana gyaɗa kai a hankali.

Buki kam an yi shi. Masu kalangu suka zo, Fulanin rugar gabas suka kawo nono, aka dama fura har ta yi saura. 'Yan mata suka yi rawa a kan daɓen tun azahar har rana ta yi ja, ko ƙura bai tayar ba. Maitama ya zauna cikin dattawa a gefen maza yana gaya wa baƙi cewa jakunansa ne suka fara kawo marmara, kai ka ce shi ya durƙusa ya yi dukan. Na ji wani tsoho daga Dandume yana cewa ko a Maska bai ga irin wannan ba. Na je na gaya wa Hajjo, na ɗan ƙara gishiri. Ta ce, "Ƙarya kike yi, amma ƙara faɗi."

Da yake an rufe ƙofar gari, baƙi a nan suka kwana, maza a filin, mata a gidajenmu, da nufin a tafi da amarya da safe. Gari ya waye, aka ɗaure kaya, aka kawo jakin da za ta hau. Rabi'atu ta shiga sallama lulluɓe, ni ina bakin ƙofa. Ta durƙusa ta kama hannun kakarta.

"Tsohuwa, zan tafi."

"Sun ci sun ƙoshi?"

"Sun ƙoshi."

"Bai tsage ba?"

"Ko kaɗan."

"To madalla." Ta lumshe ido har na zaci barci ne. Can ta ce, "Tasalla, ba ni ruwa." Na juya na ɗebo a randa. Kafin in dawo da moɗa, na ji yarinyar tana yi mata kalmar shahada a kunne, a hankali, kamar yadda Hajjo ta raɗa mata waƙa. Na ajiye ruwan na rufe mata ido.

Na yi kuka, ba zan ɓoye ba, na yi kuka kamar uwata ce. Amma ko a cikin kukan ina tunanin abin da zai biyo baya. An ɗaura aure, yarinya ta zama tasu, kaya na kan jakuna, hanya kuma da nisa. In suka ce a tafi, ba mai ikon hana su. Na fito na sami Sabuwa tsaye a bakin filin, na gaya mata. Ta yi salati, ta daɗe tana kallon ɗakin. Sannan ta juya wajen mazansu.

"A sauke kaya," ta ce. "Amarya za ta yi zaman makoki a gidansu. In an share makoki ma zo mu roƙa a ba mu ita."

Mu muka yi mata wanka, ni da Sabuwa. Ba a kai ta ƙofar Liman ba, Liman ne ya zo. Na tsaya a bayan dangarmu ina leƙe ta tsakanin kara. Mutanen garinmu da mutanen Dandume suka yi sahu a kan daɓen, ƙafafu ba takalmi, sahu bayan sahu tun daga bayan ɗakin har jikin ganuwa, kuma wurin ya ɗauke su duka.

Da aka fita da ita, filin ya zama ba kowa sai ɓawon gyaɗa da ganyen da aka ci waina jiya. Rabi'atu ta fito daga ɗakin, ta ɗaure mayafinta a ƙugu. Na ce ta bari in yi, ta girgiza kai. Ta ɗauki tsintsiya da hannunta mai lalle, ta fara shara daga kusurwar ganuwa, tana shimfiɗa tabarmi ɗaya bayan ɗaya don masu zuwa gaisuwa.